Maguɗin Zaɓe da Ƙaurace wa Rumfuna a Zaɓen Ƙananan Hukumomi: Nazari a kan Kafanchan da Kudancin Kaduna, 2011 zuwa 2024

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda saɓa dokokin zaɓe yake rage fitowar masu jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi. Fagen nazarin shi ne Kafanchan da ƙananan hukumomi takwas na shiyyar Kudancin Kaduna. An bibiyi zaɓukan 2018 da 2021 da 2024, an kuma waiwayi rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011, domin har yau tabonsa bai goge ba. Matsayin takardar shi ne, a cikin nau'o'in maguɗi, wanda ya fi korar mutane daga rumfa shi ne wanda yake raba ƙuri'ar da aka jefa da sakamakon da aka sanar. Sayen ƙuri'a yana ɓata zaɓe, amma yana barin mutum da yaƙinin cewa ƙuri'arsa tana da daraja. Sauya sakamako a wajen tattarawa kuwa yana kashe wannan yaƙinin gaba ɗaya.

Gabatarwa

A zaɓen gwamnan Jihar Kaduna na watan Maris 2023, Uba Sani na APC ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba. Makonni uku kafin nan PDP ta lashe kujerun sanata uku na jihar, Atiku Abubakar ne kuma ya zo na ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa, jam'iyyar LP ta Peter Obi ta kwashi ƙuri'u masu yawa a kudanci. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ce jihar a rabe take, babu jam'iyyar da ta mallake ta.

Bayan wata goma sha tara, ranar 19 ga Oktoba 2024, hukumar zaɓe ta jiha, wato KADSIECOM, ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi. Shugabarta, Hajiya Hajara Muhammad, ta sanar cewa APC ta lashe kujerun ciyaman 23 cikin 23, da kujerun kansila 255 cikin 255. Ko mazaɓa ɗaya ba ta kuɓuce ba, daga Birnin Gwari har Gwantu. PDP ta yi fatali da sakamakon, ta ce a wurare da dama kayan zaɓe ba su isa ba, a wasu kuma sun isa babu takardar rubuta sakamako. Hukumar da jam'iyya mai mulki suka ce an yi zaɓe lami lafiya.

Ba aikin wannan takarda ba ne ta zauna kan kujerar alƙali tsakanin ɓangarorin biyu. Tambayarta ita ce: me irin wannan sakamako yake koya wa mai noman citta a Kwoi, ko mai sayar da hatsi a kasuwar Kafanchan, game da amfanin tashi da sassafe ya bi layi a zaɓe mai zuwa?

Me ya sa Kafanchan

Kafanchan ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a. Ta bunƙasa ne tun daga ƙarshen shekarun 1920 a matsayin mahaɗar layin dogo, abin da ya tara mata jama'a daga kowace kusurwa ta Nijeriya. A cikin garin da kewayensa akwai Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoma da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa, Musulmi da Kirista. Shiyyar sanata ta Kudancin Kaduna ta ƙunshi Jema'a, Jaba, Kaura, Kauru, Kachia, Kagarko, Sanga da Zangon Kataf.

A irin wannan yanki ƙaramar hukuma ba ƙaramar aba ba ce. Ita ke ba da takardar shaidar zama ɗan asali, wadda da ita ake neman gurbin karatu, da aikin soja, da aikin gwamnati. Ita ke raba rumfunan kasuwa da kula da tasha, tana da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Wanda ya manta nauyin waɗannan abubuwa ya tuna da Zangon Kataf. Rikicin Fabrairun 1992, wanda ya sake ɓarkewa da muni a watan Mayu, ya taso ne daga shawarar ƙaramar hukuma ta sauya wa kasuwa mazauni. A bayan maganar kasuwa akwai tsohuwar jayayya kan ƙasa da sarauta da wa ke da iko da gari. Haka rikicin Kafanchan na 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi, da na 1999 kan naɗin Sarkin Jema'a, duk sun nuna cewa tambayar wa zai wakilci wa tana da zafi a nan fiye da wurare da yawa.

Mutanen yankin kuma ba baƙin siyasa ba ne. Yanki ne mai yawan 'yan boko, da tsofaffin sojoji, da ƙungiyoyin ci gaban al'umma. Daga nan Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya fito ya zama gwamna a 2010, ya kuma ci zaɓen 2011. Saboda haka idan aka ga rumfa ta yi fayau ranar zaɓen ciyaman a wannan yanki, jahilci ko rashin wayewa ba za su wadatar a matsayin bayani ba.

Abin da masana suka gano

Sarah Birch, a littafinta na 2011 kan maguɗin zaɓe, ta kasa shi gida uku: murɗe dokokin zaɓe tun kafin a fara, murɗe ra'ayin mai zaɓe ta hanyar kuɗi ko barazana, da murɗe yadda ake jefa ƙuri'a da ƙidaya ta. A wani bincike da ta wallafa a 2010, wanda ya haɗa ƙasashe da dama, ta nuna cewa waɗanda suka yarda za a yi adalci sun fi fitowa zaɓe. Michael Bratton, da ya yi nazarin zaɓen Nijeriya na 2007, ya samu cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar an yi masa tayin sayen ƙuri'a, kusan ɗaya cikin goma kuma ya fuskanci barazana, kuma barazanar ce take hana fita. Paul Collier da Pedro Vicente sun gwada abin a aikace a wannan zaɓen, tare da ƙungiyar ActionAid: a unguwannin da aka yi gangamin yaƙi da tashin hankalin zaɓe, tsoro ya ragu, fitowa ta ƙaru.

Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Alberto Simpser. A littafinsa na 2013 ya tambayi abin da ya sa masu mulki suke maguɗi fiye da abin da suke buƙata don su ci. Amsarsa ita ce cinye-du saƙo ne. Yana gaya wa ɗan hamayya kada ya ɓata kuɗinsa, yana gaya wa ɗan kasuwa da ma'aikaci da basarake inda ya kamata su jingina, yana gaya wa talaka cewa fitarsa ba ta sauya komai. Ba sai an karanta Simpser ba kafin a san wannan a ƙasar Hausa. Maganar da ake ji a majalisu da tashoshin mota ita ce, “ko ka jefa ko ba ka jefa ba, an riga an rubuta.”

Maguɗin da ke cikin tsarin kansa

Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Amma sashe na 197 ya ɗora zaɓen a wuyan hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta amince, baitulmalin jiha kuma ya ba ta kuɗin aiki. Sashe na 162 ya ƙara da asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙananan hukumomi yake biyowa ta hannun jiha. Ke nan mutumin da ya fi kowa amfana da samun ciyamomi masu biyayya shi ne yake naɗa alƙalan wasan, shi ne yake biyan su, shi ne kuma sau da yawa yake tsayar da ranar da za a buga.

Wannan ciwo bai san jam'iyya ba. A shekarar 2024 NNPP ta lashe ƙananan hukumomi 44 na Kano, APC ta lashe 23 na Sakkwato, PDP ta lashe 20 na Bauchi. A watan Mayun shekarar shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa (INEC) na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya gaya wa shugabannin hukumomin zaɓe na jihohi a gabansu cewa zaɓen da suke yi ya koma bikin naɗin 'yan takarar jam'iyya mai mulki. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta kantomomin riƙo, ya sa jihohi da yawa suka yi rige-rigen shirya zaɓe. Sai dai hukuncin ya ƙara wa kujerar ciyaman tsada a idon gwamnoni, bai taɓa hukumar da ke sanar da wanda ya hau ta ba.

Akwai kuma abin da ke faruwa kafin ranar zaɓe, wanda ba a cika lissafa shi cikin maguɗi ba. Na farko ɗauki-ɗora a zaɓen fid da gwani, da ake yi wa laƙabi da maslaha. Na biyu kuɗin takara na miliyoyin naira da hukumomin jihohi suke yankawa, abin da jam'iyyun hamayya suka yi ta kuka da shi a Kaduna da Kano a 2024. Malamin makaranta mai ritaya da mutanen mazaɓarsa suka yarda da shi ba zai iya biya ba sai ya nemi ubangida, in ya samu kuwa ya zama na ubangidan. Na uku jinkirta zaɓen kansa. Daga 2015 zuwa 2018 kantomomi ne suka riƙe ƙananan hukumomin Kaduna. Matashin da ya isa jefa ƙuri'a a waɗannan shekaru ya saba ganin ana aiko masa da shugaba daga Gidan Sir Kashim, fadar gwamnatin jihar.

Tabon 2011

Ba za a fahimci halayyar mai zaɓe a Kafanchan ba sai an koma watan Afrilu 2011. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16. Da sakamako ya fara nuna nasarar Goodluck Jonathan a kan Muhammadu Buhari, zanga-zanga ta ɓarke a biranen Arewa bisa zargin maguɗi, ta rikiɗe ta zama kisa da ƙone-ƙone da sunan addini da ƙabila. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 a jihohi 12, fiye da 500 daga cikinsu a Kudancin Kaduna, musamman Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. Kwamitin Shaikh Ahmad Lemu da gwamnatin tarayya ta kafa ya ƙirga mutum 943 da suka rasu, 827 daga cikinsu a Jihar Kaduna. Babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone. An rusa masallatai da coci-coci da gidaje. Dubban mutane suka yi gudun hijira, wasu suka daɗe a sansanin alhazai na Kaduna. Sai da aka ɗage zaɓen gwamna a jihar da kwana biyu, daga 26 zuwa 28 ga wata.

Abubuwa biyu suka biyo baya da suka shafi zancenmu. Na farko, ranar zaɓe ta zama ranar fargaba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har yau akwai magidanta da suke kwashe iyalinsu zuwa garinsu na asali idan zaɓe ya ƙarato, akwai iyayen da suke kulle ƙofa su hana yara leƙa waje sai an sanar da sakamako. A zaɓen shugaban ƙasa mutum yakan daure ya fita, domin yana ganin abin da ke kan faifai ya kai a yi kasada. A zaɓen da yake zaton an riga an gama shi a ofis, ƙaramar jita-jitar cewa 'yan banga sun iso ta isa ta zaunar da shi.

Na biyu, unguwanni sun rabu. Mutane sun tashi daga inda suke tsiraru sun koma inda 'yan uwansu suka fi yawa, alhali katin zaɓensu yana ɗaure da rumfar tsohuwar unguwa. Doka ta ba da damar sauya rumfa ta hannun INEC, amma sai wanda ya sani, ya kuma samu sukuni a lokacin da aka buɗe rajista. Hare-haren da suka biyo baya sun ƙara yawan irin waɗannan mutane: Godogodo da Goska a 2016, lokacin da har aka sa dokar hana fita ta sa'a 24 a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf, sai ƙauyukan Atyap a 2020, da yankin Kagoro a 2022. Manomi da makiyayi duk sun rasa matsuguni a wannan tsakanin. Mutumin da ke zaman gudun hijira a Zonkwa ko Kafanchan ba zai hau babur ya koma kufai don ya zaɓi kansila ba, hukumar zaɓe ta jiha kuma da rajistar INEC take aiki. An cire shi daga zaɓe ba tare da kowa ya saci akwati ba.

Gwajin na'ura: 2018 da 2021

Kaduna tana da abin da sauran jihohi ba su da shi, wato gwaji na zahiri da za a auna magana da shi. Ranar 12 ga Mayu 2018, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, KADSIECOM ƙarƙashin Dakta Saratu Binta Dikko-Audu ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar jefa ƙuri'a. Shi ne karo na farko a Nijeriya. A Afirka Namibiya ce ta riga ta, a 2014. Mai zaɓe yana zuwa gaban na'ura, ya ga tambarin jam'iyyu, ya danna wanda yake so, na'urar ta adana, ta kuma buga 'yar takardar shaida. An sake amfani da ita ranar 4 ga Satumba 2021.

Sakamakon ya bambanta da abin da aka saba. A zaɓukan biyu PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, akasari a kudancin jihar, ta kuma samu kansiloli a wurare da dama. A 2021 jam'iyyar gwamna ta faɗi a rumfar gwamnan kansa da ke Unguwar Sarki. Duk abin da mutum yake ji game da mulkin El-Rufai, kuma a Kudancin Kaduna mutane da yawa suna da ɗaci a kansa, wannan abu ne da ya kamata a rubuta masa. Taswirar sakamakon ta yi kama da taswirar siyasar jihar yadda kowa ya san ta.

Sai dai na'urar ba ta toshe kowace kafa ba. A 2018 an yi ƙorafin cewa ba ta tantance mai zaɓe yadda ya kamata, har mutum ɗaya yana iya dannawa fiye da sau ɗaya, abin da ya sa aka yi mata gyara kafin 2021. An samu inda ta ƙi aiki, da inda 'yan daba suka farfasa ta ko suka yi awon gaba da ita. Mafi muhimmanci, na'urar tana ƙare aikinta a rumfa. Daga rumfa zuwa mazaɓa, daga mazaɓa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, har zuwa bakin baturen zaɓe da zai sanar, hannun mutane ne ke aiki, kuma a nan mafi yawan jayayyar ta koma. Ga kuma tsaro: a 2021 sai da aka ɗage zaɓen a Birnin Gwari da Chikun da Kajuru da Zangon Kataf.

Fitowar jama'a a 2021 ba ta yi armashi ba, gwamnan da kansa ya nuna damuwa a kan haka bayan ya jefa ƙuri'arsa. Mai suka zai ce wannan ya rusa hujjar takardar: ga zaɓe mai dama-dama, ga rumfuna babu mutane. A ganina akasin haka ya nuna. Mutumin da ya shekara ashirin yana ganin zaɓen je-ka-na-yi-ka ba zai sauya ra'ayi a zagaye ɗaya ko biyu ba. Sai ya ga maƙwabcinsa ya fita, ɗan takarar maƙwabcin ya ci, an rantsar da shi, ya kuma kammala wa'adinsa, sannan zai fara tunani. Abin da 2018 da 2021 suka fara ginawa ke nan. A 2024 aka yi wa dokar zaɓen jihar gyara, aka ajiye na'urar, aka koma dangwala wa takarda, sakamako ya fito 23 da 255. Wanda ya zauna a gida a 2021 yana cewa bari mu gani, yanzu ya samu hujjar da zai kafa wa wanda ya fita.

Yadda kowane nau'i yake aiki a zuciyar mai zaɓe

Sayen ƙuri'a, da taliya ko atamfa ko 'yan dubbai a bayan rumfa, laifi ne a Dokar Zaɓe ta 2022, kuma yana zubar da mutuncin mai saye da mai sayarwa. Amma a kan fitowa tasirinsa gauraye ne, har yakan jawo wasu su fito. Ɗan siyasa ba ya sayen abin da ba ya buƙata. Ranar da aka daina ko zuwa neman ƙuri'ar talaka, ranar ce ya kamata a fi damuwa, domin alama ce cewa an samu wata hanyar da ba ta bi ta kansa.

Barazana da 'yan banga suna tace masu fitowa. Waɗanda suka fara janyewa su ne mata masu goyo, da tsofaffi, da naƙasassu, da wanda yake tsiraru a unguwarsa. Waɗanda suka rage a filin su ne matasan da aka ɗauko haya. Rashin isowar kayan zaɓe a kan lokaci shi ma tacewa ne, ko da gangan aka yi ko da sakaci. Watan Oktoba lokacin girbi ne, matar da ta bar gona ko tukunyar sana'arta ta zo tun ƙarfe takwas ba za ta kai azahar tana jiran motar da ba a san inda ta tsaya ba. Idan kuma aka lura cewa jinkirin ya fi faɗawa mazaɓun da aka san inda suka karkata, to ya tashi daga sakaci.

Sauya sakamako shi ne uwa-uba. Taken “a kasa, a tsare, a raka” da ya yi tashe a Arewa ya ginu ne a kan fahimtar cewa ƙuri'a tana ɓacewa a hanya. Amma rakiya tana da amfani ne idan akwai takardar sakamako da wakilan jam'iyyu suka sa wa hannu a rumfa, aka ba kowa kwafinsa. Inda babu wannan takarda, babu abin da za a raka, babu kuma abin da za a kai gaban kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda ita ma a ƙarƙashin dokar jiha ake kafa ta.

A nan akwai matsalar awo da ya kamata masu bincike su kiyaye. A zaɓukan tarayya muna da alƙaluman da ke nuna faɗuwa: kusan kashi 54 cikin ɗari a 2011, kusan 44 a 2015, kusan 35 a 2019, kusan 27 a 2023. A zaɓen ƙananan hukumomi kuwa, adadin fitowar da hukuma ta sanar yana fitowa ne daga takardun da ake jayayya a kansu. Inda aka yi aringizo, takarda za ta nuna cincirindo a rumfar da ba a ga kowa ba, wato maguɗin yana ɓoye ɓarnar da ya yi. Mai nazari na gaskiya sai ya haɗa da ƙidayar masu sa ido a rumfuna, da hira da mutanen mazaɓa, da kwatanta rumfa ɗaya a zaɓen INEC da na jiha.

Wasu dalilan da ba za a yi watsi da su ba

Adalci ne a ce ba maguɗi kaɗai ke hana fita ba. Ƙaramar hukumar da ba ta iya gyara kwalbati sai ta nemi izini daga Kaduna ba ta da abin da za ta ja hankalin mai zaɓe da shi. Tsadar rayuwa bayan cire tallafin mai a 2023, da cutar da ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a daminar shekarar, sun sa neman abin sawa a baka ya sha wa mutane da yawa kai. Haka kuma gaskiya ne cewa hamayya ta yi rauni bayan 2023, manyan 'yan siyasa sun yi ta sauya sheƙa, Gwamna Uba Sani kuma ya yi ƙoƙarin kusantar Kudancin Kaduna fiye da wanda ya gada. Duk wannan zai iya bayyana nasarar APC a ƙananan hukumomi da yawa. Abin da yake da wuyar bayyanawa shi ne a ce cikin mazaɓu 255 babu ko ɗaya da wani ɗan gari mai farin jini ya kayar da ɗan takarar gwamnati, alhali zaɓen kansila zaɓe ne na sanayya, na dangi da unguwa da coci da masallaci.

Abin da ya fi damuna shi ne inda takarar take komawa idan an rufe mata ƙofar akwati. Neman iko da kasuwa da takardar asali da filin noma ba ya gushewa don an daina ƙidaya ƙuri'a. Yana komawa zauren ƙungiyar ƙabila, da mumbari, da takardun koke, wani lokaci ya koma titi. Zaɓen gaskiya a wuri kamar Jema'a yana tilasta wa ɗan takara ya nemi ƙuri'ar wanda ba addininsu ɗaya ba, domin da wuya al'umma guda ta ci ita kaɗai. Wanda aka ɗora daga sama ba ya bin kowa wannan bashin.

Abin da za a iya yi

Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun 2008 cewa a shigar da hukumomin zaɓe na jihohi cikin tsarin INEC, a kuma kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu laifin zaɓe. Masu goyon bayan shawarar farko suna kafa hujja da Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida: a Fabrairun 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku. Hujja ce mai ƙarfi, duk da cewa a can ma fitowar ba ta taka kara ta karya ba, kuma INEC tana da nata tabon tun daga rigimar IReV, shafinta na ɗora sakamakon rumfuna, a 2023. Wannan gyara yana buƙatar sauya kundin tsarin mulki da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, waɗanda gwamnoni ke da ƙarfi a kansu, don haka ba abin da za a zauna jira ba ne.

Akwai abin da ke hannu tun yanzu. Sashe na 150 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ɗaure hukumomin jihohi da bin ƙa'idojin da ake bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja, kuma a Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen ƙananan hukumomin Jihar Ribas saboda saɓa ƙa'ida. Jam'iyyu da lauyoyin Kaduna suna iya bin wannan hanya. Majalisar Dokokin Kaduna kuma tana iya sa wa a doka cewa ba za a fara jefa ƙuri'a a rumfa ba sai an nuna wa wakilan jam'iyyu takardar sakamako ta asali, a liƙa kwafinta a bango bayan ƙidaya, a kuma wallafa sakamakon kowace rumfa a intanet kafin a rantsar da kowa. Wannan bai kai tsadar na'ura ba.

Sauran aikin na mutanen yankin ne. Kafanchan tana da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, ga rassan ƙungiyoyin CAN ta Kirista da JNI ta Musulmi da suka saba zama tare a kan sulhu tun bayan 2011. Idan waɗannan suka horar da ɗalibai da matasa, Musulmi da Kirista bibbiyu a kowace rumfa, su ƙirga waɗanda suka jefa ƙuri'a, su rubuta lokacin da kaya suka iso, su ɗauki hoton takardar sakamako da waya, za a samu kundin da ba na hukuma ba kuma ba na jam'iyya ba. A fara da mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jema'a a zaɓe mai zuwa, a haɗa da jerin sunayen 'yan gudun hijirar da ke buƙatar sauya rumfa, a miƙa wa ofishin INEC na Kafanchan tun lokacin da rajista take buɗe.